Waiwaye: Tarihin Ƙafewar Ruwa da Ke Binne a Lakar Fadama

Duk shekara idan rani ya yi nisa, muhawara kan tashi a Zariya a kan ƙafewar fadamun da ke bakin Kubanni da Galma. Wasu na cewa sauyin yanayi ne, wasu kuma na nuna gine-gine da haƙar yashi, amma kowane ɓangare na magana kamar jiya lamarin ya faro. Iyakar abin da ake tunawa shi ne farin 1973 da na 1984, da yadda Tafkin Chadi, wanda ya kai kimanin murabba'in kilomita 25,000 a 1963, ya janye ya bar ɗan kaɗan.

Akwai wani juyi da ya girmi waɗannan nesa ba kusa ba, kuma wasu ƙananan halittun ruwa dangin gansakuka, da ake kira dayatom, suna cikin shaidunsa. Ido ba ya ganinsu sai da na'ura. Kowace na da ɓawo mai sinadarin gilashi wanda ba ya ruɓewa, don haka idan ta mutu sai ɓawon ya kwanta a laka, na bana a kan na bara. Wani jinsin sai a ruwan daɗi mai zurfi yake rayuwa, wani kuwa ruwan kanwa yake so. Masu bincike kan soka bututu su zaro lakar, su yanka ta siriri-siriri, su ƙirga jinsunan da ke kowane yanki.

Irin wannan aiki, haɗe da nazarin tsofaffin gaɓoɓin ruwa, ya nuna cewa kimanin shekaru 7,000 da suka wuce Tafkin Chadi ya zarce murabba'in kilomita 300,000. Kwalekwalen Dufuna da aka gano a Yobe a 1987 daga wancan zamani na yalwar ruwa yake. Ruwan ya yi ƙasa sosai wajen shekaru 5,000 baya, amma kwarin Bodele da ke arewacin Chadi, wanda a da yake cikin tafkin, bai gama bushewa ba sai kimanin shekaru 1,000 da suka wuce. Abin da ya rage a can shi ne farar ƙasa mai laushi kamar gari, galibinta ɓawon dayatom, kuma tana cikin hazon da iskar hunturu ke kawo mana har ya dushe rana.

Wancan sauyi ya ɗauki dubban shekaru, namu kuwa a idon dattawan da ke raye ya faru, kuma a ganina saurin nan ne ya kamata a tsaya a kansa. Lakar fadamunmu na iya raba gardamar, domin jinsunan da ke bunƙasa a ruwan da taki da ƙazantar gari suka gurɓata daban suke da waɗanda ƙarancin damina ke haifarwa. Sai dai duk fadamar da aka haƙe domin bulo, ko aka cike ta aka aza harsashin gini, jerin lakarta ya hargitse, ba sauran abin da mai bincike zai ƙirga.