Jirage Marasa Matuƙa da Kayan Yaƙin Zamani a Katsina da Ƙasashen Maƙwabta

Jirgi marar matuƙi jirgin sama ne da ake sarrafa shi daga ƙasa, babu kowa a cikinsa. Sojoji na amfani da shi wajen leƙen asiri da sintiri, wani irin kuma yana ɗauke da makamai don kai hari. Daga 2014 zuwa yau ya shiga sahun gaba a cikin kayan yaƙin da Najeriya da Nijar da Mali da Burkina Faso ke saye, tare da jiragen yaƙi, motoci masu sulke da jiragen ruwa. Jihar Katsina na cikin wuraren da aka fi jin amon waɗannan kayayyaki, saboda matsalar ɓarayin daji a yammaci da kudancinta, da kuma doguwar iyakar da ta haɗa ta da jihohin Maraɗi da Damagaram na Jamhuriyar Nijar.

Fagen daga a Katsina

Tushen matsalar shi ne dajin Rugu da dazuzzukan da suka haɗe da shi har zuwa Zamfara da Kaduna. Ƙananan hukumomi takwas ne aka saba ambata a matsayin na bakin daga: Jibiya, Batsari, Safana, Ɗanmusa, Ƙanƙara, Faskari, Sabuwa da Dandume. Ƙasa ce mai duwatsu da kwazazzabai da rafuka. Da damina ciyawa kan tashi, itatuwa su rufe, hanyoyin ƙauye su koma taɓo, motar soja mai nauyi ta kafe a inda babur zai wuce a guje. Babur ɗin nan da bindigar AK-47 su ne jarin ɗan bindigar daji, kuma akwai dabobin da suka mallaki manyan bindigogin harbo jirgi. A watan Yulin 2021 sun harbo jirgin yaƙi samfurin Alpha Jet a kan iyakar Zamfara da Kaduna, matuƙin ya diro da lema ya tsira da ransa.

Sojan ƙasa na da Birgediya ta 17 a birnin Katsina, ƙarƙashin Runduna ta 8 da ke Sakkwato, sannan akwai Bataliya ta 171 a Daura. Sojan sama na da sansani a filin jirgin sama na Umaru Musa 'Yar'aduwa, da kuma rukunin kai ɗaukin gaggawa da asibiti a Daura, wanda aka buɗe a 2019. Rundunar haɗin gwiwa da ke aiki a yankin ta sha sauya suna: Sharan Daji, sannan Hadarin Daji, sai Fansan Yamma daga 2024. Gwamnatin jiha ma ta shigo da nata ƙarfin a watan Oktoban 2023, lokacin da Gwamna Dikko Umaru Raɗɗa ya ƙaddamar da askarawan tsaron al'umma kusan 1,500, aka ba su motoci masu sulke da na sintiri da babura.

Yadda jirgin ke aiki

Babban jirgi marar matuƙi ba shi kaɗai yake tafiya ba. Akwai ɗakin sarrafawa a ƙasa, galibi kwantena ce mai na'urar sanyaya iska, inda matuƙi ke zaune gaban allo, abokin aikinsa na gefe yana juya kyamara. Kyamarar na rataye ƙarƙashin jirgin cikin wani ƙoƙo mai juyawa. Da rana tana ɗaukar hoto irin wanda aka sani, da dare kuma zafin jiki take gani: mutum, saniya, injin babur da aka kashe bai huce ba, murhun da aka yi girki, duk suna fitowa fari a kan allon. Idan an ba da umarnin hari, sai a haska wurin da hasken leza, ƙaramin makami mai linzami ya bi hasken ya sauka.

Bayraktar TB2 na Turkiyya, wanda ya fi kowanne yaɗuwa a yankin, faɗin fikafikansa mita 12 ne, yana ɗaukar kaya na kilo 150, kuma yana iya shafe awa 27 a sama. Wing Loong II na Sin ya fi shi girma da ɗaukar makamai. Daɗewa a sama ita ce babbar fa'idarsu. Jirgin yaƙi mai matuƙi yakan zo ya yi luguden wuta ya koma shan mai, shi kuwa wannan zai wuni ya kwana yana shawagi a kan daba ɗaya, yana lura da masu shiga da fita. Mutanen ƙauye sukan ji ƙugin sa sama-sama kamar injin niƙa daga unguwa mai nisa, ba tare da sun hango shi ba.

Iyakarsa kuma a fili take. Ƙurar hunturu da gajimaren damina na dusashe hoto, inuwar itatuwa na ɓoye mutane. Mafi girma duka, allon ba ya bayyana ko wane ne a kansa. Jerin babura ashirin da tsakar dare a bayan Batsari na iya zama ɓarayi sun fito hari, na iya zama 'yan sa-kai sun bi sawun shanun da aka kora, na iya zama 'yan rakiyar amarya. Kyamara siffa ɗaya za ta nuna wa mai kallo. Wanda zai bambance su shi ne mutumin da ke ƙasa, wanda ya san garin da mutanensa, ya san ranar kasuwa da ranar biki.

Abin da Najeriya ta saya da abin da ta ƙera

Najeriya ta fara samun jirage marasa matuƙa masu makamai ne daga Sin, samfurin CH-3A, wajen 2014, don yaƙi da Boko Haram. Duniya ta san da su ne a watan Janairun 2015, lokacin da ɗaya ya faɗo a jihar Borno, hotunansa suka bazu. A 2020 sojan sama, ƙarƙashin Sadique Abubakar, ya sanar da sayen wasu guda takwas daga Sin, samfurin Wing Loong II da CH-4 da CH-3, aka kuma ambaci Katsina da Gusau da Gombe a matsayin wuraren da za a girke su. Daga baya sojan ƙasa ya samu nasa TB2 daga Turkiyya.

An yi ƙoƙarin ƙerawa a gida ma. Shugaba Goodluck Jonathan ya ƙaddamar da Gulma a Kaduna a watan Disamban 2013. A watan Fabrairun 2018 Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da Tsaigumi, wanda injiniyoyin sojan sama suka haɗa tare da kamfanin UAVision na Fotugal. Na leƙen asiri ne, ba ya ɗaukar makami, yana iya yin awa 10 a sama a kewayen kilomita 100 daga inda ake sarrafa shi. Ƙoƙari ne na a yaba, sai dai har yanzu manyan jiragen da ake dogaro da su a fagen daga na waje ne, kayan gyaransu ma daga waje suke zuwa.

A ɓangaren jirage masu matuƙa, 2021 ce shekarar da aka fi samun sababbi: JF-17 guda 3 daga Pakistan, da A-29 Super Tucano guda 12 daga Amurka, waɗanda kuɗinsu ya kai wajen dala miliyan 500, aka girke su a Kainji. An yi ta muhawara a lokacin kan ko sharuɗɗan cinikin sun yarda a yi amfani da Tucano a kan ɓarayin daji, ko kuwa sai a kan 'yan ta'adda kaɗai. A watan Nuwamban 2021 Babbar Kotun Tarayya da ke Abuja ta ayyana ƙungiyoyin 'yan bindigar a matsayin na ta'addanci, gwamnati ta wallafa hukuncin a Janairun 2022. Jirage masu saukar ungulu samfurin T-129 na Turkiyya sun fara isowa a ƙarshen 2023, an kuma ƙulla cinikin jirage 24 samfurin M-346 da kamfanin Leonardo na Italiya. Sojan ƙasa ya karɓi tankokin VT-4 da motocin igwa daga Sin a watan Afrilun 2020. A cikin gida, hukumar ƙera makamai ta DICON da ke Kaduna, wadda aka kafa a 1964, ta fito da mota mai jure nakiya mai suna Ezugwu a 2019.

Harin da ya faɗa kan farar hula

Ba za a yi bayanin waɗannan makamai a tsallake Tudun Biri ba. A daren 3 ga Disamban 2023 jirgi marar matuƙi na sojan ƙasa ya jefa bam a kan masu taron Maulidi a wannan ƙauye na ƙaramar hukumar Igabi a jihar Kaduna. Aƙalla mutum 85 suka rasu, da yawansu mata da ƙananan yara. Rundunar ta amsa cewa jirginta ne, ta ce an ɗauki taron ne a matsayin na 'yan bindiga. Kafin wannan, a ranar 17 ga Janairun 2017, jirgin sojan sama ya jefa bam a sansanin 'yan gudun hijira na Rann a Borno, mutum fiye da 100 suka mutu.

Wannan al'amari ya shafi Katsina kai tsaye, domin taron dare ba baƙon abu ba ne a karkararta: Maulidi, tashe, biki, zaman makoki, har da tsaron gari da matasa ke yi da tocila. Jirgi bai rage buƙatar sahihin labari daga ƙasa ba, ƙara ta ya yi, tun da yanzu hukuncin harbi na hannun wanda ke zaune nesa da wurin. Samun labarin nan kuwa ya yi wuya, saboda ɗan ƙauyen da aka gane yana magana da soja rayuwarsa na cikin haɗari, ga kuma infoma da ke kai wa ɓarayi rahoto. Katse layukan waya da aka yi a ƙananan hukumomi 13 na jihar a watan Satumban 2021 ya takura wa ɓarayin, amma ya kuma toshe hanyar da talaka ke bi ya kira ɗauki.

Ƙasashen maƙwabta

Nijar ta karɓi TB2 guda 6 a 2022, zamanin Shugaba Mohamed Bazoum. A lokacin Amurka na da sansanin jirage marasa matuƙa a Agadas, wanda ta kashe kimanin dala miliyan 100 wajen gina shi, ya fara aiki a 2019 da jirage samfurin MQ-9 Reaper. Juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 ya sauya al'amura. Sojojin Faransa sun gama ficewa a watan Disamban shekarar, na Amurka suka miƙa sansanin Agadas a watan Agustan 2024. Mali da Burkina Faso su ma sun sayi TB2, daga baya suka ƙara da Akinci wanda ya fi shi girma. A farkon Afrilun 2025 Aljeriya ta harbo wani Akinci na Mali kusa da Tinzawatan, a kan iyakar ƙasashen biyu, abin da ya kai ga janye jakadu. Sauƙin farashi da rashin tsauraran sharuɗɗa ne suka ja ƙasashen nan zuwa kasuwar Turkiyya da Sin.

Abin da ya fi damun mazauna Jibiya da Kaita da Mai'aduwa shi ne tsamin dangantakar Abuja da Yamai bayan juyin mulkin. Jirgin Najeriya ba ya tsallaka iyaka ya bi ɓarayi sai da yardar Nijar, su kuwa ɓarayi da masu safarar makamai babu abin da ya tsare su. A watan Maris na 2025 Nijar ta sanar da ficewa daga rundunar haɗin gwiwa ta tafkin Chadi. A can ɗin ma 'yan ISWAP, ɓangaren da ya ɓalle daga Boko Haram, sun fara amfani da ƙananan jirage na kasuwa, da farko don leƙen sansanonin soja, daga ƙarshen 2024 kuma suna ɗaura musu abin fashewa.

Sojan ruwa

Katsina na da nisa da teku, amma kason da jihar ke karɓa daga asusun tarayya ya dogara sosai da man da ake lodi a gaɓar teku mai tsawon kilomita 853, don haka satar ɗanyen mai a Neja Delta na taɓa albashin malamin makaranta a Mashi. An kafa sojan ruwan Najeriya a 1956. Babban jirginsa, NNS Aradu, ƙirar Jamus ne da ya fara aiki a 1982, kuma ya shafe shekaru masu yawa a ɗaure saboda rashin gyara. NNS Thunder da NNS Okpabana tsofaffin jiragen tsaron gaɓar Amurka ne da aka miƙa wa Najeriya. NNS Centenary da NNS Unity sun zo daga Sin a 2015 da 2016. Ma'aikatar jiragen ruwa ta soja da ke Legas ta ƙera uku da kanta: Andoni a 2012, Karaduwa a 2016, Oji a 2021. An kuma samu NNS Lana na auna zurfin teku daga Faransa a 2021, da NNS Kada na jigilar dakaru da motoci a 2022, an kuma ba kamfanin Dearsan na Turkiyya kwangilar jiragen sintiri biyu masu tsawon mita 76.

A nan ne aka fi ganin sakamako. A watan Yunin 2021 aka ƙaddamar da shirin Deep Blue na dala miliyan 195, wanda ya haɗa jiragen ruwa da na sama da marasa matuƙa, aka kuma buɗe tsarin sa ido na Falcon Eye mai amfani da rada da kyamarori a bakin teku. Fashin teku ya ragu ƙwarai a mashigin Gini, har hukumar da ke bibiyar fashin teku ta duniya ta cire Najeriya daga jerin wurare masu haɗari a watan Maris na 2022. Dalili ɗaya shi ne teku fili ne, jirgin da ya kashe na'urar bayyana kansa nan take zai ja hankali, saɓanin dajin Rugu inda ɓarawo da makiyayi da manomi ke bin hanya ɗaya. Senegal ita ma ta karɓi manyan jiragen sintiri uku daga kamfanin Piriou na Faransa, Walo da Niani da Cayor, don tsare rijiyoyin mai da gas da kuma kamun kifi.

Sojan ruwa ya fara matsowa Arewa. Yana da sansani a Baga, bakin tafkin Chadi, inda ƙananan jiragen ruwa masu bindiga ke sintiri tsakanin tsibirai, yana da wani a Lakwaja inda kogin Kwara ya haɗu da Binuwai, sannan a 2021, zamanin babban hafsan sojan ruwa Awwal Zubairu Gambo, aka amince da kafa cibiyarsa a Kano, wadda ta zama kwalejin koyar da harkar kayan aiki a Dawakin Tofa.