Kwanan tanti da jariri

Kwanan tanti da jariri wani salo ne na hutun iyali da ya fi yaɗuwa a Turai, Arewacin Amurka da Ostiraliya. Iyaye kan rufe gidansu, su ɗauki jinjiri ko yaron da bai wuce shekara uku ba, su je bakin tafki ko gindin dutse ko wani fili da aka keɓe don haka, su kafa tanti su yi kwana biyu ko mako guda, sannan su naɗe kayansu su koma. Ga wanda ya taso inda kwanan daji ke nufin kiwo ko fatauci, abin da ban mamaki yake: mutum da ɗakinsa da gadonsa ya biya kuɗi don ya kwanta a ƙasa da ɗan goye. A can kuwa hutu ne mai araha, ya fi otal sauƙi nesa ba kusa ba. Wahalarsa ita ce duk aikin da ɗaki ke yi wa jariri ba tare da an lura ba, na tare sanyi da zafi, da raba shi da wuta, da samar da ruwa mai tsabta, a tanti kan iyaye yake komawa.

Asali

Ana danganta farkon kwanan tanti don nishaɗi a Birtaniya da wani tela mai suna Thomas Hiram Holding. Shi kansa da ƙuruciya ya fara, domin a 1853, yana ɗan shekara tara, ya ratsa filayen Amurka da iyayensa cikin ayarin keken dabbobi. A 1901 ya kafa ƙungiyar masu yawo da keke suna kwana a tanti, wadda ta zama Camping and Caravanning Club ta yau, kuma a 1908 ya wallafa littafin jagora kan harkar. A farko sha'anin maza ne masu jin ƙarfi. Abu biyu ne suka shigo da mata da yara ciki: mota, da hutun aiki. A Faransa, dokar 1936 ta gwamnatin Léon Blum ta ba ma'aikata hutun mako biyu da albashi, sai iyalan da ba su taɓa ganin teku ba suka yi ta kwarara bakinsa da tantunansu. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu mota ta shiga hannun talaka, yadin nailan marar nauyi ya maye gurbin tamfol, filayen zango kuma suka samu famfo da banɗaki. Daga nan tafiya da jariri ta daina zama abin a zo a gani.

Rainon jariri a tanti dai ya girmi duk wannan. Buzaye a Ayar da Azawak da Fulani makiyaya a tanti da bukka suke haihuwa su yi yaye, kuma a al'adar Buzaye tantin ma na mace ne. Bambancin shi ne makiyayi ya gaji sanin wurin, ya san inda kunama ke ɓuya da lokacin da raɓa ke sauka. Ɗan birnin da ya fito hutu yakan koyi wannan ne daga takarda, ko daga kuskure.

Na goye da mai tatata

Masu harkar sun yi ittifaƙi kan wani abu da sabon shiga ba ya zato: jaririn da bai fara rarrafe ba ya fi sauƙin tafiya da shi. Inda aka ajiye shi nan za a same shi, abincinsa na jikin uwarsa, goyo kuma ya ishe shi abin hawa. Mai shekara ɗaya zuwa uku shi ne aiki. Yana tafiya amma bai san haɗari ba, duk abin da ya tsinta baki yake kaiwa, tsakuwa ce ko toka ko 'ya'yan itacen da ba a san su ba, kuma da ya gane yadda zif ɗin tanti ke buɗewa an shiga uku. Shi ya sa wasu iyaye kan ja kan zif ɗin su kai shi can sama inda hannunsa ba ya kaiwa, babba kuma ya kwanta a bakin ƙofa.

Ga ɗan ƙasa da wata uku akwai ƙa'idar da likitocin yara ba sa sassautawa: zafin jiki da ya kai digiri 38 na buƙatar asibiti nan take. Wannan kaɗai ya isa ya sa a zaɓi zangon da mota ke kaiwa, wanda waya ke da sabis, a bar na cikin ƙungurmin daji sai yaro ya yi ƙwari.

Barci, sanyi da zafi

Nan ne aka fi yin kuskure, kuma yawanci tausayi ne ke jawo shi. Jikin jariri na zubar da ɗumi da sauri fiye da na babba saboda faɗin fatarsa ya yi yawa idan aka gwada da nauyinsa, sabon haihuwa kuma ba ya iya rawar ɗari yadda babba ke yi don ɗumama kansa. Uwa ta san haka ko ba a faɗa mata ba, sai ta yi ta lafta masa barguna, ko ta jawo shi cikin jakar barcinta. Duka biyun na da haɗari. Tun 1992 Ƙungiyar Likitocin Yara ta Amurka ta ba da shawarar a daina kwantar da jarirai rubda ciki, a 1994 aka fara gangamin kwantar da su rigingine, kuma mutuwar fuju'a ta jarirai a cikin barci ta ragu ƙwarai. Ƙa'idar ba ta canzawa don an fito daji: rigingine, kan shimfiɗa mai tauri kuma shafaffiya, babu matashin kai, babu bargon da zai iya rufe fuska. Katifar da ake hura wa iska, wadda ita ce gadon yawancin masu kwanan tanti, ba ta dace da shi ba sam. Takan lotsa, fuskar yaro ta nutse, ko ya gangara ya maƙale tsakaninta da jikin tanti. Hukumar kula da ingancin kayayyaki ta Amurka ta yi gargaɗin kada a kwantar da ɗan ƙasa da wata 15 a kanta. Abin da ake amfani da shi shi ne ƙaramin gadon tafiya mai naɗewa, da rigar barci mai kama da buhu wadda ke da wuya da hannu daidai jikin yaron, yadda ba zai zame ciki ba.

A Birtaniya ana ba da shawarar ɗakin jariri ya kasance tsakanin digiri 16 zuwa 20. Tanti ba ya riƙe wannan. Da asuba yakan yi sanyi kusan daidai da waje, kuma mafi yawan sanyin daga ƙasa yake tasowa, don haka tabarmar soso a ƙarƙashin gadon ta fi ƙarin bargo a sama amfani. Hanyar gane halin da yaro ke ciki ita ce a sa hannu a ƙeyarsa ko ƙirjinsa. Tafin hannu da ƙafa kan yi sanyi ko da lafiya lau yake, su ne ke ruɗin iyaye. Idan ƙeya ta jiƙe da gumi a rage kaya ɗaya.

Da rana ta fito kuma labari ya juya. Tantin da aka kwana ana karkarwa a cikinsa, kafin hantsi ya zama tanda. Ba a barin jariri yana barcin rana a rufaffen tanti, ba a kuma yafa mayafi a kan kekensa don inuwa, domin mayafin na tare iska ya ƙara zafin ciki.

Wuta

Tsoron yawancin mutane namun daji ne, amma abin da iyaye suka zo da shi da hannunsu ya fi yin ɓarna. Ga yadda abin ke faruwa. An gasa nama da yamma, yayyafi ya sauko, garwashi ya yi fari kamar ya mutu, sai wani ya ce a shigo da murhun bakin tanti don ɗumi, a ja zif. Gawayi kuwa yana ci gaba da fitar da iskar kabon monoksaid sa'o'i bayan harshen wuta ya ɓace. Iskar ba ta da launi ba ta da wari, tana kama sinadarin jini mai ɗaukar oksijin da ƙarfin da ya ninka na oksijin ɗin fiye da sau 200. Babba zai ji ciwon kai da jiri da tashin zuciya. Jariri ya fi saurin numfashi, ya fi saurin shaƙa, ba shi kuma da bakin faɗa, sai dai a ga barcinsa ya yi nauyi. An yi asarar rayuka ta wannan hanya a filayen zango na Birtaniya, har hukumomin kashe gobara suka mai da gargaɗin abin maimaitawa duk shekara. Mai karatu a ƙasar Hausa ya san irinsa: kurfot a ɗaki lokacin hunturu, ko janareto a zaure. Murhun gawayi, risho, ko na gas, babu wanda ake kunnawa ko ajiyewa da zafinsa a cikin tanti.

Yadin tanti kuma makamashi ne. Gobarar Mina ta 1997, wadda ta ci ran alhazai fiye da 300, ita ta sa Saudiyya ta sauya tantunan da irin waɗanda wuta ba ta ci. Tantin yawon shaƙatawa na nailan ne, narkewa yake yi ya manne wa fata. Tocila ce fitilarsa, ba kyandir ba.

Ga mai tatata, wutar jiya ta fi ta yau haɗari. Da dare kowa na kallon wuta yana riƙe da yaro. Da safe manya na haɗa shayi, wurin ya zama toka, yaron ya taka ko ya faɗa da tafin hannu. Wutar da aka binne da yashi na riƙe zafin da zai ƙona fata har wayewar gari, likitocin ƙuna a Ostiraliya sun daɗe suna jan kunne a kan haka. Da ruwa ake kashe ta, a motsa tokar a sake zubawa. Idan ƙunar ta faru, a sa wurin ƙarƙashin ruwa mai sanyi na minti 20, a lulluɓe sauran jikin kada sanyi ya kama shi, ban da ƙanƙara, ban da man shafawa, sannan a nufi asibiti.

Ruwa da abinci

Mai shayarwa ta huta da rabin wahalar. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar nono zalla har wata shida, ba a ƙara ko ruwa, ko da ana zafi. Madarar gwangwani ce ke da ɗawainiya, saboda garin na iya zuwa da ƙwayoyin cuta a cikinsa. Ƙa'idar hukumar ita ce a tafasa ruwa, a dama tun zafinsa bai sauka ƙasa da digiri 70 ba, a huce kafin a ba yaro, abin da ya rage bayan awa biyu a zubar. Ke nan sai da filas, da tukunyar tafasa bulumboti, da makamashin da zai isa. Ruwan rafi komai garai-garai ɗinsa ana tafasa shi minti ɗaya, a kan tsaunin da ya haura mita 2,000 minti uku. Gudawa na saurin ƙarar da ruwan jikin ƙaramin yaro, don haka ƙullin gishiri da sukari na kemis ba ya fita daga jaka. Alamomin ƙarewar ruwan jiki sanannu ne: fitsari ya ragu, baki ya bushe, maɗiga ta faɗa.

Ruwa na da wani haɗarin. Yaro mai tatata kansa na da nauyi idan aka gwada da jikinsa, idan ya leƙa bokitin wanke-wanke ya kifa ciki ba ya iya fitowa, kuma ba a jin ihu. A zubar da ruwan bokiti da an gama, a kafa tanti nesa da gaɓa.

Rana da ƙwari

Ɗan ƙasa da wata shida inuwa da hula da sutura mai dogon hannu ne kariyarsa daga rana. Maganin sauro na shafawa mai sinadarin DEET ba a shafa wa ɗan ƙasa da wata biyu, ga yara kuma ba a wuce mai kashi 30 cikin 100, ba a sa shi a tafin hannu tunda baki zai kai. Gidan sauro ya fi komai. A dazuzzukan Turai da arewa maso gabashin Amurka kaska ce abin dubawa, ita ke yaɗa cutar Lyme, wadda ta samo suna daga wani gari a jihar Connecticut inda aka lura da ita a jikin yara a 1975. Kowane dare a duba bayan kunne, hammata, cikin gashi da matsematsi. Idan an gan ta a kama ta da hantsaki dab da fata a ja a hankali.

Namun daji da shara

Harin dabba kan jariri a zango abu ne da ba kasafai ake gani ba, sai dai akwai shari'a ɗaya da duniya ba ta manta ba. Ranar 17 ga Agusta 1980, a zangon da ke kusa da dutsen Uluru a Ostiraliya, jaririya 'yar mako tara mai suna Azaria Chamberlain ta ɓace daga tanti. Uwarta, Lindy, ta ce karen dajin da ake kira dingo ne ya ɗauke ta. Ba a yarda da ita ba. A 1982 kotu ta same ta da laifin kisa ta yanke mata ɗaurin rai da rai. A 1986 aka tsinci rigar saman jaririyar a gindin dutsen, aka saki Lindy, a 1988 aka soke hukuncin, amma sai a 2012 mai binciken musabbabin mutuwa ya tabbatar a hukumance cewa dingo ne. A tsibirin K'gari na Ostiraliya, inda dingo ke da yawa, hukuma ta kewaye wasu filayen zango da shinge, tana kuma shawartar masu ƙananan yara su sauka a cikinsu.

A gandun Yosemite na Amurka matsalar beyar ce, kuma wari ke jawo ta. Doka ta tilasta a kulle duk abu mai ƙamshi a akwatunan ƙarfe da aka girke a kowane zango. Iyaye kan tuna da abinci su manta cewa madara, man shafawa, tsumman goge jiki da kunzugun da aka cire duk suna cikin lissafi.

Kunzugun zamani ba ya ruɓewa, ba a binne shi, ba a jefa shi a wuta. A leda ake ƙulle shi a koma da shi gari, ko da kwana nawa aka yi. A Norway, inda dokar 1957 ta ba kowa damar kafa tanti a dajin da ba gona ba har kwana biyu muddin ya ba gidan mutane tazarar mita 150, sharaɗin da ke tare da damar shi ne a bar wurin yadda aka same shi.