Waiwaye: Yadda Kunnuwan Ƙetare Suka Riski Muryar Selda Bağcan

A 2006 wani ƙaramin kamfani a Birtaniya mai suna Finders Keepers, wanda sana'arsa tono tsofaffin faya-fayai, ya sake buga wani faifai da ya fara fita a tsakiyar shekarun 1970. Sunan mawaƙiyar kawai aka sa masa: Selda. A Turkiyya babu wanda ke buƙatar a gabatar masa da ita, domin tun 1971 muryarta ke yawo a gidaje da tarurrukan ɗalibai. A Landan da Los Angeles kuwa sai aka karɓe ta kamar sabon ma'adinin da aka haƙo jiya.

An haifi Selda Bağcan a Muğla a 1948, ta yi karatun kimiyyar fiziya a Jami'ar Ankara, ta fara fitar da waƙoƙi a shekarar da sojoji suka tilasta wa gwamnatin Süleyman Demirel sauka. Da fari muryarta ce da jita kaɗai. Daga baya ta haɗu da makaɗan salon da ake kira rock na Anatoliya (yankin Turkiyya da ke Asiya), wanda su Erkin Koray da Cem Karaca da Barış Manço da ƙungiyar Moğollar suka gina: a ɗauko waƙoƙin karkara da na mawaƙan gargajiya masu yawo da ake kira âşık, a ɗora su kan jitar lantarki da gangunan bature. Gasar Altın Mikrofon da jaridar Hürriyet ta soma a 1965 ta taimaka ƙwarai wajen yaɗa wannan gaurayen.

Waɗanda suka fara sauraronta a wajen ƙasar ba baƙi ba ne. Yarjejeniyar ɗaukar ma'aikata ta 1961 ta kai dubban ɗaruruwan Turkawa masana'antun Jamus ta Yamma, kuma kasuwar waƙa ta bi su: Türküola a Kolon, Uzelli a Frankfurt, Minareci a Munich. Faya-fayai da kaset-kaset na tafiya kamar ruwa, amma a shagunan Turkawa, kusa da shayi da zaitun, ba a shagunan waƙa na Jamusawa ba. Maƙwabcin da ke jin kiɗan ta bango bai san sunan mai shi ba, jadawalin waƙoƙin da suka fi kasuwa ma bai lissafa su ba. Wannan ya sa, shekaru bayan haka, masu farautar tsofaffin faya-fayai suka riƙa tsintar su da arha a kasuwannin gwanjo na Turai.

Karo na farko da baƙi na ainihi suka waiwaye ta, labarinta suka fara ji kafin kiɗanta. Bayan juyin mulkin 12 ga Satumba 1980 an ɗaure ta sau uku tsakanin 1981 da 1984 saboda waƙoƙinta, aka kuma riƙe fasfonta har 1987. Bikin kiɗan duniya na WOMAD, wanda mawaƙin Ingila Peter Gabriel na cikin waɗanda suka kafa shi, ya gayyace ta a 1986, ba ta samu fita ba. Sai shekarar da ta biyo baya ta hau dandali a Ingila. Masu sauraro na wancan zamani sun ɗauke ta a matsayin mawaƙiyar gwagwarmaya, shi ya sa ake yawan kwatanta ta da Joan Baez, mawaƙiyar gwagwarmaya ta Amurka. Sun san an ɗaure ta, sun san dalili, ko da ba su jin Turkanci.

Masu sauraro na 2006 daban suke. Su sauti ya kama su, kuma yana da kyau a fayyace wane sauti ne. Kayan kiɗan da ke jan ragama shi ne bağlama, ko saz, mai dogon wuya kamar na garaya, yawanci da tsirkiya bakwai a rukuni uku. Matakan da ke wuyansa ɗaure su ake yi da zaren roba, ana iya matsar da su, kuma a saz na yau da kullum ana samun sauti goma sha bakwai a tazarar da jita da fiyano ke da goma sha biyu. Waɗannan ƙarin sautukan da ke faɗawa tsakanin maɓallan fiyano biyu su ne kunnen Bature ke ji kamar kiɗan ya ɗan karkace, ya kuma ji daɗin karkacewar. A shekarun 1970 aka jona saz da lantarki, aka bi da sautinsa ta na'urorin da ke sa shi gurnani ko shawagi. Aka zo aka ɗora muryar Selda a sama, siririya, mai kaifi, tana rawa a ƙarshen baiti. Marubutan Yamma suka rasa inda za su ajiye wannan, sai suka jefa shi cikin rukunin kiɗan Amurka na ƙarshen shekarun 1960 da ake dangantawa da maye da mafarki. Wannan laƙabi ya sayar da faifan, amma bai yi wa mai shi adalci ba.

Daga nan masu kiɗan hip hop suka shigo. Mai haɗa kiɗa na Amurka Oh No, ƙanen Madlib, ya yanko mafarin waƙar Selda mai suna "İnce İnce" ya gina wani kiɗa a kansa a kundinsa na 2007. Mos Def ya hau wannan kiɗan a waƙar da ta buɗe kundinsa na 2009, Dr. Dre shi ma ya yi amfani da yankin waƙar a 2015. Akwai dalilin sana'a da ya sa wannan waƙar ce ta tafi, wasu suka tsaya. Mai yanka kiɗa yana neman 'yan daƙiƙu da babu murya a ciki, masu bugu huɗu-huɗu da za su maimaitu ba tare da tuntuɓe ba. Waƙoƙin Anatoliya da yawa suna tafiya ne kan bugun da ake kira aksak, wato mai ɗingishi, kamar tara da ake ƙirgawa biyu, biyu, biyu, uku. Irin wannan ba ya zama ƙarƙashin rap sai an sassare shi. A wuraren wasa ma ana gani: baƙi su fara tafi huɗu-huɗu, kafin a je ko'ina sun saɓa da mai ganga. Makaɗin jita da ya kwaikwayi waƙar da jitarsa ta kasuwa shi ma yakan rasa ɗanɗanon, tunda sautin da yake nema ba ya kan wuyan kayansa. Ƙungiyar King Gizzard ta Ostareliya sai da ta sa aka ƙara wa jitocinta matakai kafin ta yi kundinta na 2017 mai irin wannan sauti.

Abin da ya fi damun wanda ya san waƙoƙin shi ne abin da aka bari a baya wajen yankan. "İnce İnce" asalinta waƙar Âşık Mahzuni Şerif ce. Tana magana kan dusar ƙanƙarar da ke zuba a kan talakawa, da yunwa, da roƙon mai mulki ya kawo hanya da makaranta. "Yaz Gazeteci Yaz" kuwa kira ce ga ɗan jarida ya bar rubutu kan jin daɗin birni, ya rubuta halin ƙauye da mutanen gabashin ƙasar da ke mutuwa babu likita. Irin waɗannan kalmomi ne suka kai mace kurkuku. Mutum ya taka rawa da su a Barcelona ba laifi ba ne, amma in bai san abin da ake faɗa ba, rabin aikin kawai ya isa gare shi, kuma rabin da mawaƙiyar ta biya tsadarsa ne ya ɓace. Fassarar na'ura ba ta cika warware matsalar ba: Turkancin âşık cike yake da karin harshen karkara da kalmomi masu ɗauke da tarihin Alevi, wani reshe na Musulmin Turkiyya, na'urar sai ta ba da ma'anar sama ta bar ta ƙasa.

Duk da haka sabon sha'awar ya buɗe mata ƙofofin da aka rufe shekara da shekaru. Ta yi wasa a bikin Meltdown na Landan a 2012, da Le Guess Who? a Utrecht a 2014, da Primavera Sound a Barcelona a 2016, biyun ƙarshe tare da ƙungiyar Boom Pam ta Tel Aviv. Ɗan fim Elijah Wood ya sha bayyana ƙaunarsa ga waƙoƙinta. Wani makaɗi ɗan Holan, Jasper Verhulst, ya kamu da son wannan kiɗa har ya kafa Altın Gün a Amsterdam a 2016 tare da mawaƙa 'yan asalin Turkiyya, kuma kundinsu na 2019 ya shiga takarar lambar yabon waƙa ta Grammy.

Yabon na waje ya koma gida ya yi aiki. Matasan Istanbul da suka ɗauki Selda a matsayin mawaƙiyar iyayensu 'yan gurguzu suka sake saurara da sabon kunne, farashin tsofaffin faya-fayanta ya haura. A YouTube ma akwai wani reshe na wannan: baƙo ya kunna waƙar Turkiyya a gaban kyamara yana nuna mamaki, galibin masu tofa albarkacin bakinsu a ƙasa kuwa Turkawa ne, suna fassara masa baiti, suna ba shi tarihin da bai tambaya ba. Sau da yawa bayanin da ke ƙasan ya fi bidiyon amfani.

Zaɓin baƙi dai har yanzu ƙunƙuntacce ne, kusan duka daga shekarun 1970. Selda ba ta tsaya a can ba. Ta kafa kamfaninta, Majör Müzik, ta ci gaba da fitar da kundaye, kuma waƙar da Turkawa da yawa suka fi riƙewa ita ce "Uğurlar Olsun", makokin ɗan jarida Uğur Mumcu da aka kashe da bam a motarsa a Ankara ranar 24 ga Janairu 1993. Ba ta da gurnanin saz na lantarki da masu farautar faifai ke nema, don haka da wuya a ji ta a jerin waƙoƙin da ake haɗawa a Turai, alhali a Turkiyya ana rera ta duk shekara wajen tunawa da shi.