Waiwaye: Yadda Hirar Majalisa Ta Tashi Daga Rediyo Ɗaya Zuwa Wayar Kowa

Ranar Lahadi 13 ga Yulin 2025, wajen magariba, muna zaune a teburin mai shayin bakin kasuwar garinmu a ƙasar Ringim. Damina ce, mutane sun dawo daga gona ƙafa duk taɓo. Sai wani yaro cikin masu cajin waya ya ɗago kai ya ce Buhari ya rasu a Landan. Ba wanda ya yi salati. Kawuna, wanda ya haura shekara saba'in, ko kallon yaron bai yi ba, ya ci gaba da tsoma burodinsa.

"Kai yaro, sau nawa kuka kashe shi a wayar nan taku?"

"Wallahi Baba, ga shi nan har da hoto."

"Riƙe hotonka. Bari takwas da rabi ta yi."

Bayan isha'i ya zaro rediyonsa daga aljihun 'yar shara, wanda aka ɗaure murfin batirinsa da kyauron roba, ya ja eriya. Sai da BBC ta faɗa da bakinta sannan ya ajiye kofi ya ce innalillahi wa inna ilaihi raji'un, teburin duka ya amsa. Labarin ya iso garin tun da sauran haske, amma bai zama labari ba sai bayan awa biyu. Tun daren nan nake tunanin yadda aka yi muka zo nan.

Kafin rediyo, labari da ƙafa yake tafiya. Mai shelar dagaci ne ke kewaya gari da saƙon hukuma, wanda yawanci na haraji ne ko na aikin gayya. Sauran kuwa sai ranar kasuwa: wanda ya ci Maigatari ranar Alhamis, ko Wudil ranar Juma'a, ko Ɗambatta ranar Lahadi, shi ne mai bakin magana a dandali har mako ya zagayo. 'Yan ci-rani su dawo da nasu in damina ta kusa, maroƙa kuma su ƙara gishiri. Da aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya a 1939, kwafi ɗaya kan iso ƙauye bayan ta kwana biyu, malamin makaranta ya karanta da ƙarfi, sauran su saurara. Ba a cika musu da shi ba, don shi kaɗai ke ganin abin da ke takardar.

Siyasa ta shigo hirar ne da haɗarinta. An kafa jam'iyyar adawa ta NEPU a Kano ranar 8 ga Agustan 1950, kuma dattawanmu na ba da labarin lokacin da faɗin "Sawaba" a bainar jama'a kan iya kai mutum gaban alƙali, ko a wayi gari an ƙara masa haraji. Masu "Salama" na NPC su ke da fada da 'yan doka. Saboda haka sai waƙa ta zama mafaka. Abin da ba za ka iya faɗa a zauren dagaci ba, ka iya rera shi ƙasa-ƙasa kana noma, wani ya ɗauka ya kai gaba. Masu cewa mawaƙan zamani ne suka cusa siyasa cikin waƙa ba su tambayi kakanninsu ba.

Sai ga akwatin rediyo. BBC ta fara shirin Hausa a 1957, gidan rediyon Kaduna ya buɗe a 1962, Jamus ta biyo baya a 1963. A ƙauyuka da yawa rediyo ɗaya ne tak, ko na dagaci, ko na wani tsohon soja, ko na mai awon gyaɗa. Mai shi kan lulluɓe shi da ƙyalle kamar amarya, kuma ba a kunna shi don wasa, batir kuɗi ne. A irin wannan taron aka ji kisan Sardauna a Janairun 1966, aka ji na Murtala ranar 13 ga Fabrairun 1976. Daga nan mutanen karkara suka haddace wata alama: in ka murɗa da asuba ka ji badujalar soja babu ƙaƙƙautawa, to an yi juyin mulki, ka jira jawabi.

Abin lura a nan shi ne, kowa abu ɗaya ya ji, a lokaci ɗaya, daga baki ɗaya. In an kashe rediyo gardama ta tashi, amma gardamar fassara ce: me ake nufi, wa zai ci riba, ina talaka zai sa kansa. Ba a gardamar ko abin ya faru.

Ni a ganina majalisar ƙauye ba ta taɓa yin armashi irin na 1979 zuwa 1983 ba. Muryar Amurka ta fara Hausa a shekarar da aka koma mulkin farar hula, rediyo ya yi arha har matashi na iya rataya nasa a ƙahon keke. PRP ta Malam Aminu Kano ta ci tsohuwar Jihar Kano, wadda a lokacin ta haɗa har Haɗeja da Gumel da Kazaure da Birnin Kudu. Abubakar Rimi ya hau, ya soke haraji da jangali. Wanda bai taɓa ganin yadda ake shanya magidanci a rana kan kuɗin haraji ba, ba zai gane abin da wannan ya zama a bakin mutanen ƙauye ba. Har yau in Kawu ya zo kan labarin, muryarsa sauyawa take. Sannan jam'iyyar ta dare gida biyu, 'yan santsi na Rimi da 'yan taɓo na Malam Aminu, majalisu ma suka dare. A garinmu an ce gindin ɗorawa ya zama na 'yan taɓo, rumfar mahauta ta zama ta 'yan santsi, wa da ƙani su yi sallah sahu ɗaya su fito kowa ya kama gabansa. Rikicin Kano na 10 ga Yulin 1981, wanda aka kashe Dakta Bala Muhammad, mai ba Rimi shawara kan siyasa, a cikinsa bayan takardar tuhumar da gwamnati ta aika wa Sarki Ado Bayero, ya ƙara hura wutar. Malam ya rasu a Afrilun 1983, Sabo Bakin Zuwo ya kayar da Rimi, kafin shekara ta ƙare soja suka kwashe tabarmar baki ɗaya.

Da siyasa ta yi sanyi, kaset ya riƙe hirar. An shafe shekaru ana musun wa ya fi tsakanin Shata da Ɗanƙwairo, musun da ba a taɓa gamawa ba, don ba a fara shi don a gama ba. Mai kaset ya juya shi da biro in zaren ya zubo, a ci gaba daga inda aka tsaya. Ɗanƙwairo ya rasu a 1991, Shata a 1999, kuma a tsakanin nan fiyano ta shigo tare da finafinan Hausa. Sai musun ya koma na tsara da tsara: dattawa su ce wannan ba kiɗa ba ne, kukan inji ne, samari su ce zamani riga. Gwamnatin Kano ta kafa hukumar tace finafinai a 2001, abin da ya ba majalisa aikin yi na wasu shekaru. A 1991 ɗin ne kuma, ranar 27 ga Agusta, Babangida ya yanke mana Jigawa, aka daɗe ana tauna dalilin ba Dutse hedikwata.

Duk wannan fa hirar maza nake faɗi. Mata na da tasu majalisar a tsakar gida, wajen sussuka da kitso da gidan biki, kuma duk ɗan takarar da ya raina ta ya ji a jikinsa ranar zaɓe. Rediyon maigida da rana a hannunsu yake.

Sauyin da ya fi girgiza tsarin ya zo ne a jere. Wayar salula ta shigo Najeriya a 2001, gidan rediyon Freedom ya buɗe a Kano a ƙarshen 2003, daga baya wasu masu zaman kansu suka yi ta fitowa, har a Dutse. A da rediyo na magana ne mu saurara. Yanzu sai ga ɗan unguwarku, wanda ka san ko akuya bai mallaka ba, yana caccakar gwamna a cikin akwatin, ana jinsa har Ɓaɓura. Nan aka haifi waɗanda ake kira sojojin baka. Ba zan ce duk sharri ba ne. Rijiyar burtsatse da yawa an gyara ta ne don wani ya kira rediyo ya yi kuka, malamai da yawa sun koma aji don tsoron a ambaci makarantarsu. Amma an koya wa majalisa wani salo: a biya mutum ya yi habaici, gobe a biya shi ya warware. Yara suka tashi suna jin zambo a matsayin hujja. Jar hula ta zo, rabuwar Kwankwaso da Ganduje ta zo, kowane ɓangare da mawaƙansa, waƙar kamfe ta koma abin da ake tashe da ita a gidan biki.

Daga nan sai memori. Kowace kasuwa ta samu rumfar masu turi, janareto na ƙugi, wayoyi hamsin jere a kan allo ana caji, ka ba da 'yan canji a cika maka waƙa da wa'azi da fim. Da babbar waya ta yi yawa, WhatsApp da Facebook da TikTok suka maye gurbin mai turin ma. Yanzu benci ɗaya mutum shida, kowa da abin da yake ji, kuma kowa na ganin nasa ne sahihi.

A nan ne gardamar ta sauya iri. Ku tuna lokacin da aka yi ta yaɗa cewa Buhari ya mutu tun 2017, wani Jibrin daga Sudan ne ke zaune a fadar. Maganar ta yi ƙarfi har sai da shi kansa ya fito a Disambar 2018 ya ce shi ne dai, ba wani ba. A teburin nan namu na ga mutane biyu sun kusa dambe, ɗaya na nuna hoton kunne, wai ba irin na da ba ne. Haka rikicin sarautar Kano, daga raba masarautar a 2019, zuwa tuɓe Sarki Sanusi a Maris ɗin 2020, zuwa dawo da shi a Mayun 2024: duk hukuncin kotun da ya fito, kafin la'asar akwai odiyo biyu, kowanne na cewa nasu ne ya ci. Rabin daren kan ƙare a kan "wa ya faɗa?", ba a kai ga "me za a yi?" ba. Abin da kawai ba a musu a kansa shi ne wanda aljihu ya shaida, kamar tashin kuɗin mota bayan cire tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023.

Shi ya sa ban ga laifin Kawu ba a daren nan, ko da yake yaron ne ke da gaskiya. Sai dai shi ma ba kullum yake jiran takwas da rabi ba. Da kaka ta yi, aka ce riɗi ya tashi a Maigatari, kuma yana da buhu uku a ɗaka. BBC ba ta faɗin farashin riɗi. Na gan shi da idona ya je rumfar caji, ya tsaya kan yaron nan, ya miƙa masa wata 'yar takarda da ta sha ninki, mai lambar wani dillali.

"Ɗan nan, kira min wannan. Ka sa ta a fili yadda zan ji da kunnena."