Tsofaffin gine-ginen birnin Accra

Accra, wadda Hausawan zango ke kira Ankara, ta zama hedikwatar mulkin Gold Coast, wato ƙasar Ghana ta yau, a 1877, lokacin da Turawan Ingila suka taso daga Cape Coast. Gine-ginenta mafi daɗewa duk a bakin teku suke, domin fataucin zinariya da bayi ne ya kafa su.

Mutanen Holan ne suka fara, da sansanin da suka gina a 1649, wanda yanzu ake kira Ussher Fort. 'Yan Danmak suka kafa sansanin Christiansborg a unguwar Osu cikin shekarun 1660, Ingila kuma ta gina James Fort a 1673. Bango ne mai kauri da aka shafe da farar ƙasa, bakin igwa na kallon teku, ga ɗakunan tsare bayi a ƙasa. Daga baya Ussher da James suka koma kurkuku, kuma daga James Fort aka sako Kwame Nkrumah, wanda daga baya ya zama shugaban Ghana na farko, a 1951 bayan jam'iyyarsa ta lashe zaɓe. Christiansborg kuwa ta zama fadar gwamnati har 2013. UNESCO, hukumar raya al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta sa sansanonin gaɓar Ghana cikin kayan tarihin duniya a 1979.

Zamanin 'yancin kai ya bar babbar ƙofar tunawa da ake kira Black Star Gate, mai ɗauke da shekarar 1957 a goshinta, sai hubbaren Nkrumah da aka buɗe a 1992.

Abin da ba a cika lissafawa ba shi ne gidajen zango. A Sabon Zango, unguwar da Malam Baƙo ya kafa a farkon ƙarni na 20, an gina gidaje bisa tsarin ƙasar Hausa: zaure a bakin hanya inda maigida ke karɓar baƙi, sannan ɗakuna a jere kewaye da tsakar gida, inda ake girki da shanya. Kwano ya maye gurbin soron ƙasa, bulo ya maye tubali. Matsin wurin kwana ya sa zauruka da dama sun koma shago ko ɗakin haya, abin takaici kuwa, don da wuya a sake gina irinsu.

Babban masallacin ƙasa da ke unguwar Kanda, dab da unguwar Nima, an buɗe shi a 2021 da tallafin Turkiyya. Fasalinsa na Daular Usmaniyya ne, ƙubbobi bisa ƙubbobi da hasumiya huɗu, kuma daga lungunan Nima ana hango su ta saman rufin kwano.