Adaidaita Sahu

Adaidaita sahu babur ne mai ƙafa uku da ake haya da shi a Kano da sauran biranen arewacin Najeriya. A wasu wurare Keke Napep ake ce masa, a Legas kuwa Keke Marwa. Galibinsu ƙirar Bajaj ne ko TVS, daga Indiya.

Asali

Sunan ya fito ne daga A Daidaita Sahu, shirin gyaran tarbiyya da gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau ta ƙaddamar a 2004. A wajejen 2005 aka hana 'yan acaɓa ɗaukar mata, sai gwamnati ta kawo waɗannan babura domin su. Da farko kenan abin hawan mata ne, har akan saka masa labule.

Bunƙasarsa ta zo ne a Janairun 2013, bayan harin da aka kai wa ayarin Sarkin Kano Alhaji Ado Bayero. Gwamnatin Rabi'u Musa Kwankwaso ta haramta acaɓa a cikin birni, matasa da yawa suka ajiye mashin suka koma sahu. A lokacin gari ya riga ya faɗaɗa zuwa su Rijiyar Zaki, Sheka, Ɗorayi da Hotoro, unguwannin da bas ba ta shiga lungunansu.

Tattalin arziki

Akasarin direbobi ba su ne masu babur ba. Wani yakan karɓa ne bisa biya kaɗan-kaɗan har ya mallaka, wani kuma kullum yamma ya kai wa mai shi balas. Makanikai, masu faci da 'yan kayan gyara duk a nan suke ci. Cire tallafin man fetur a 2023 ya sa kuɗin hawa ya tashi.

Haɗurra

Bai kai acaɓa jefa fasinja cikin haɗari ba, amma jikinsa ba ƙwari, gefensa a buɗe, kuma yana saurin kifewa a kwana. Neman cika balas ke sa lodi ya wuce ƙa'ida: uku a baya, ɗaya ko biyu a maƙale gefen direba. Ga tsayawa ba sigina da zarar an ɗaga hannu.

Dokoki

Hukumar KAROTA, mai kula da zirga-zirgar ababen hawa, ce ke yi wa baburan rajista a Kano. Direbobin sun yi yajin aiki a 2021 da 2022 kan haraji da kuɗin rajista. A Yulin 2022 an hana su aiki daga ƙarfe 10 na dare zuwa 6 na safe, bisa dalilin tsaro.