Waiwaye: kuɗin taimakon matan Yahudawan Amurka, daga ina gardamar ta samo asali?

Gardamar da ake ta yi tsakanin Yahudawan Amurka ita ce, wai har yanzu akwai amfanin ware wa mata nasu ɓangaren tara kuɗin taimako da nasu walimar daban, alhali yau mace tana da albashinta, wata ma kamfani gare ta? Matasan mata da yawa na ganin abin ya tsufa, manya kuma suna cewa a bar musu kayansu, a nan suka koyi tsayawa gaban jama'a su nemi gudummawa. Maganar nan fa ba jiya ta faro ba.

Farkon labarin sananne ne. A 1819 Rebecca Gratz da ƙawayenta sun kafa ƙungiyar taimakon mabukata a Filadelfiya, a 1893 Hannah Solomon ta haɗa majalisar matan Yahudawa a Chicago, sai Henrietta Szold ta kafa ƙungiyar mata ta Hadassah a New York a 1912, shekara na zagayowa suka tura nas biyu birnin Ƙudus. Duk waɗannan na mata ne zalla, su ke tarawa kuma su ke faɗin inda kuɗin zai tafi. A gidaje ma akwai ɗan gwangwani kamar asusu, ranar Juma'a da yamma uwar gida ta jefa tsaba kafin ta kunna kyandir ɗin Asabar, ranar hutun ibadarsu.

Inda ba a cika waiwaya ba shi ne 1946. Yaƙin duniya na biyu ya ƙare, Yahudawan da suka tsira daga kisan ƙare dangin da 'yan Nazi suka yi na jibge a sansanoni a Jamus da Ostiriya da Italiya, babu gida babu dangi, sai babban asusun taimako na Yahudawan Amurka, United Jewish Appeal, ya ce dala miliyan 100 yake nema a shekarar. Kuɗin da ba a taɓa nema ba kenan, dole a ƙwanƙwasa kowace ƙofa, shi ne aka buɗe sashen mata na ƙasa baki ɗaya, Adele Rosenwald Levy ta fara shugabantarsa. Matan sun yi aiki wallahi, gida gida, waya kan waya, taron cin abincin rana inda kowace za ta cike katin alƙawari da sunanta, abin da a da sai dai a rubuta iyalin wane. Amma al'adar zamanin ita ce maigida ya ba da babbar kyauta a liyafar maza, a kira suna a faɗi adadi a tafa, ta matar kuma ana lissafa ta a matsayin ƙari. Kuɗin duk asusu ɗaya suke shiga, kuma kwamitocin da ke rabawa galibi maza ne a lokacin. A ganina nan ne gizo ke saƙa, mace ta samu suna a kan kati amma kujerar rabon kuɗi ta yi mata nisa, kuma tsarin da aka yi don gaggawa sai ya zauna daram.

Ko alamar zakin zinariya da Norma Kipnis Wilson da Toby Friedland suka ƙirƙiro a Miami a 1972, wadda mace ke maƙalawa a riga in ta ba da dala 5,000 a shekara, amsa ce ga wancan tsarin, don a daina kiran kyautarta ƙari. Yanzu kuma ita kanta alamar ake ƙorafi a kai, masu ƙaramin ƙarfi na cewa ta raba su da masu hali. Shi ya sa wasu matan a garuruwa irin su New York da Chicago suka koma kafa gidauniyarsu ta mata, su tara, su zauna da kansu su zaɓi aikin da za a ba kuɗin.